Wa Zai Kai Ƙarar Mai Alheri?

Mugun da ya fito fili ba shi da wuyar sha'ani. Kowa ya san shi. Ana zaginsa a bayan ido, ana kai ƙararsa, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a bar masa garin. Wanda ya gagari kowa shi ne mai danne ka alhali tuwonsa ne a cikinka. Shi ya biya kuɗin makaranta, shi ya yi wa gidanku rufin kwano, shi ya rufa wa iyayenka asiri shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin damina, kuma shi ne ya yanke cewa ba ka da ta cewa a kan rayuwarka. Wurin wa za ka kai kuka? Duk wanda ka buɗe wa baki, butulu zai kira ka.

Irin wannan mutum ne ginshiƙin littafin Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga, marubuciya 'yar ƙasar Zimbabuwe, wanda aka buga a Landan a 1988 bayan masu ɗab'i na ƙasarta sun ƙi karɓarsa. Shi ne ƙagaggen labari na farko da baƙar mace 'yar Zimbabuwe ta fitar da Ingilishi, kuma a 1989 ya ci kyautar marubutan ƙasashe renon Ingila, ɓangaren Afirka. In ka tambayi ɗalibin adabi abin da ya ƙunsa, zai ce maka labarin 'yan mata biyu ne da suka taso tsakanin mulkin mallaka da danniyar maza. Bai yi ƙarya ba. Sai dai wannan amsa ta ɗakin jarrabawa takan sa mutum ya zaci abokan gaba biyu ne, Bature a can, namiji a nan, kowa da bulalarsa. Wanda ya karanta ya san Turawa ba su cika leƙowa cikin labarin ba, mahaifin yarinyar da ke ba da labarin kuma rago ne da ko kansa bai iya riƙewa. Nauyin nan guda biyu ta hannun mutum ɗaya yake sauka a kan matan gidan, kuma mutumin kirki ne, mai ibada, mai zumunci. Nan ƙarfin littafin yake, a ganina.

A Rodeshiya abin ya faru, ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, a wani ƙauyen Shonawa kusa da garin Umtali, wanda yau ake kira Mutare. Turawan da suka shiga ƙasar a 1890 ƙarƙashin kamfanin Cecil Rhodes zama suka je yi, ba mulki kaɗai ba. Dokar rabon ƙasa ta 1930 ta ware musu kusan rabin ƙasar, har da mafi yawan wurare masu albarka, alhali a lokacin ba su wuce kashi 5 cikin 100 na jama'a ba. A shekarar dai aka wajabta karatu a kan 'ya'yan Turawa, aka bar na baƙar fata a hannun 'yan mishan da aljihun iyaye. Ranar 11 ga Nuwamba 1965 Ian Smith ya ɓalle daga Ingila don kada mulki ya koma hannun masu rinjaye. Dangarembga ba ta tsaya karanto mana wannan tarihi ba. A bakin kaka ta sa shi, tana noma tana ba jikarta Tambudzai, wato Tambu, jarumar littafin, labari: yadda aka kore su daga ƙasa mai kyau zuwa tsandauri mai tsakuwa, yadda mijinta ya tafi haƙar zinariya a kudu ya mutu can, yadda ta rasa na yi ta kama hannun ɗanta mai shekara 9 ta kai shi wurin 'yan mishan.

Yaron nan shi ne baffan Tambu, wan mahaifinta, wanda kowa a littafin ke kira Babamukuru. Da rana ya yi wa 'yan mishan aikin gona, da yamma su koya masa karatu. Ya jure, ya yi ladabi, suka yaba da hankalinsa. Ya yi digiri a Afirka ta Kudu, daga baya ya shekara 5 a Ingila tare da matarsa da 'ya'yansa biyu, ya dawo a 1965 yana hedimastan makarantar mishan, mai gida mai ɗakuna da mota. Darasi ɗaya ya haddace tun yana yaro: wanda ya ba ka, ba ka yi masa musu. Da darasin ya tsira, da shi ya fid da danginsa daga yunwa, shi kuma ya dawo gida yana biya wa matarsa da 'yarsa da 'yar ƙanensa, in ta kama har da bulala.

Kafin a isa gidansa akwai gonar masara, kuma ba na jin akwai wurin da ya fi ta kyau a littafin. Lokacin da baffa ke Ingila kuɗi suka yi wuya. Mahaifiyar Tambu ta riƙa dafa ƙwai tana kaiwa tashar mota, abin da ta tara bai wuce kuɗin makarantar yaro ɗaya ba. Ba a ma zauna shawara ba: wanta Nhamo, namijin, shi zai ci gaba. Mahaifinsu Jeremiah bai ga abin tada hankali ba, tun da a lissafinsa karatun 'ya mace riba ce da za a kwashe a kai gidan wani. Tambu, ko shekara 10 ba ta kai ba, ta roƙi iri, ta share tsohuwar gonar kakarta. Kullum da asuba sai ta ɗebo ruwan gida daga kogin Nyamarira sannan ta wuce gonarta. Masara ta yi goyo, ta fara nuna, sai ta lura ana yi mata ɗauki ɗai-ɗai. A makarantar Lahadi ta ji daga bakin ƙawayenta cewa Nhamo ne ke ɓarowa yana raba musu kyauta. Ta same shi a filin ƙwallo ta hau shi da duka sai da aka raba. Ba yunwa ta sa shi sata ba, ga shi ma rabarwa yake yi; so yake ya nuna mata wahalar banza take sha.

Malamin da ya raba faɗan, Matimba, shi ya ɗauke ta a motar makaranta zuwa Umtali da sauran masarar a kwando. Tana tsaye bakin titi wata tsohuwar Baturiya mai suna Doris ta tsaya, ba don ta saya ba, sai don ta yi faɗan me ya sa ake sa ƙaramar yarinya talla maimakon makaranta. Malam Matimba ya shirya mata labari, ya ce marainiya ce. Tsohuwa ta zaro fam 10 ta ba da. Aka danƙa kuɗin a hannun hedimastan ƙauyen, Jeremiah ya zo yana kumfar baki cewa tun da 'yarsa ce, kuɗin nasa ne. Masu son labarin jarumta sukan tsaya a kan ƙwazon yarinyar, amma a duba da kyau: guminta bakin kasuwa kawai ya kai ta. Abin da ya biya kuɗin makaranta ƙaryar malami ce da tausayin Baturiya. Tun daga ranar ta fara gane cewa a ƙasar nan babu ƙofar da 'ya mace baƙa za ta buɗe da ƙarfinta; sai wani ya ga dama ya buɗe mata, ita kuma ta durƙusa ta gode.

Nhamo ne baffa ya fara ɗauka zuwa mishan. Yakan dawo hutu yana yatsina, yana nuna ya manta yaren Shona, yana barin kayansa a tasha don ƙannensa mata su je su ɗauko. A 1968 ya yi 'yar gajeriyar jinya ya mutu. Littafin da wannan mutuwar ya buɗe, Tambu tana shaida mana cewa ba ta yi baƙin cikinta ba. Na san masu karatu da yawa da wannan ya tsaya musu a wuya, kuma ina ganin ba a inda ya kamata suka ji zafin ba. Kujera ɗaya ce a gidan, an ba namiji. Yarinyar ba ta same ta ba sai da ya mutu, kuma ko a nan don babu wani namijin ne a ɗakin uwarta. Tsarin da ya sa ci gaban yarinya mai shekara 13 ya rataya a kan mutuwar wanta, shi ya cancanci a ji ƙyamarsa, ba yarinyar da ta faɗi gaskiya ba.

Ta isa gidan baffa ta ga darduma, ta ga teburin cin abinci, ta ga ruwa na fitowa daga bango. Baffa ya zaunar da ita ya yi mata nasiha mai tsawo a kan sa'ar da ta yi da nauyin da ke kanta, ta sha alwashin zama yarinyar da ba za a taɓa kuka da ita ba. Ta kuwa cika alkawari, har baffa ya riƙa buga misali da ita yana muzanta 'yarsa. Sai a hankali ta fara ganin abin da ke ƙarƙashin dardumar. Matar gidan, Maiguru, ashe ita ma digiri na biyu gare ta, daidai da na mijinta, amma duk dangi sun ɗauka rakiya ta yi masa Ingila don ta dafa masa abinci. Tana koyarwa, albashinta ba ya zuwa hannunta. Da shi ake yi wa dangin miji hidima, shi kuma ake yi wa kirari. Da Kirsimeti a kwashi kowa a tafi ƙauye da naman sa, firji mai kananzir ba ya ɗaukar rabinsa, nama ya fara wari, mata su wuni a murhu da kogi, maza su ci mai kyau. Duk wannan Maiguru na murmushi tana kiran mijinta da sunayen shagwaɓa. Ranar da tura ta kai bango ta fita, gidan ɗan'uwanta ta tafi, bayan kwana 5 miji ya je ya dawo da ita. 'Yarta ta ji takaicin cewa ko gudun ma wurin wani namijin aka yi shi.

'Yar tata ita ce Nyasha, sa'ar Tambu, abokiyar ɗakinta. An tafi da ita Ingila tana ƙarama, ta dawo ta manta Shona da gaske, ba irin mantuwar Nhamo ba. 'Yan makaranta na ganin tana ji da kai, iyayenta na ganin ba ta da kunya. Karatu take yi kamar za ta cinye takarda, tana tambayar abin da ba a tambaya, tana shan taba a ɓoye. Wani dare bayan rawar makaranta ta ɗan tsaya a bakin hanyar gida tana hira da wani yaro Bature. Uban ya tare ta, ya kira ta karuwa, ya mare ta. Ta rama, ta naushe shi a ido. Suka yi kokawa a ƙasa yana rantsuwa sai ya kashe ta ya rataye kansa. Daga nan yaƙin ya koma kan teburin abinci. Ya ce sai ta cinye abin da ke farantinta, ta cinye tas, ta shiga banɗaki ta zura buroshin haƙori a maƙogwaro ta amayar. Ta yi ta ramewa tana kwana karatu, har daren da ta birkice, ta yayyaga littafin tarihi da haƙoranta, ta farfasa madubi da tukwanen yumɓun da ta gina da hannunta. Likitan ƙwaƙwalwa na farko da aka kai ta wurinsa, Bature, ya ce baƙar fata ba ya irin wannan ciwo, iskanci ne kawai, a koma gida a tsawata mata.

Faɗan Nyasha shi ya fi ƙara, shi ake yawan rubutu a kai. Ni kuwa tawayen Tambu ya fi tsaya mini a rai, don ita ce mai bashi a wuya. Nyasha 'yar gida ce, ko ta yi me ba za a ce ta tattara kayanta ba. Tambu 'yar riƙo ce.

Ga yadda ya faru. Matsaloli sun yi yawa a gidan Jeremiah, maza suka zauna shawara, mata na waje suna leƙe. Jeremiah ya kawo shawarar a nemo boka a yi wa gidan wanki. Baffa ya ce a'a, asalin masifar shi ne ƙanensa da matarsa ba a ɗaura musu aure a coci ba, zaman zunubi suke yi, don haka za a yi biki, shi zai biya. A sa tsohuwa mai 'ya'ya, wadda wahala ta tsotse, cikin farar rigar amarya da lulluɓi, 'ya'yanta su riƙe mata fure. Tambu ta ga abin wasan kwaikwayo ne da za a yi da iyayenta, kuma in aka bi maganar zuwa ƙarshenta, ita kanta an ce ba 'yar halak ba ce ke nan. Amma ta yaya za ta ce wa baffa a'a? Wanda ya ci ladan kuturu, an ce, dole ya yi masa aski. Ta yi ta juyi da abin a ciki har safiyar biki, jikinta ya ƙi tashi daga gado, ana yi mata magana tana ji kamar daga nesa. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce ba za ta je ba. Abin da baffa ya fara jefa mata shi ne lissafin alherinsa: zai daina saya mata tufafi, zai daina biyan kuɗin makaranta, zai mayar da ita ƙauye. Ba ta je ba. Hukuncinta bulala 15 da aikin 'yar aikin gidan na mako 2, ta kuwa yi shi da wani irin alfahari, don karo na farko ke nan da ta mallaki wani abu da ba kyauta aka ba ta ba.

Mace ɗaya ce a littafin ta iya raba godiya da miƙa wuya, kuma ita ce wadda ba ta taɓa shiga aji ba: Lucia, ƙanwar mahaifiyar Tambu, wadda ƙauye ke yi wa kallon 'yar iska, ga cikin wani ragon ɗan'uwan gidan mai suna Takesure. Ranar da maza suka zauna yanke mata hukunci ba tare da ita ba, ta faɗo ɗakin ta kamo kunnen Takesure ta ja shi gaban kowa ta faɗi nata. Ta nemi baffa ya samo mata aiki, ya samo mata a ɗakin girkin makaranta, ta durƙusa ta yi guɗa ta gode masa iyakar godiya, ta shiga karatun yamma. Da ta ji an yi wa Tambu bulala, ita ɗin dai ta tako har falonsa ta ce masa bai kyauta ba, ai da ya tambayi yarinyar, da ya tambayi uwar ma ko tana son bikin. Bai kore ta daga aiki ba. Dariya ya yi, iyakar yabon da ya iya yi mata shi ne ya kamanta ta da namiji. Ashe dama ana iya yi masa musu duniya ba ta tashi ba. Waɗanda makarantar mishan ta horar ne ba su san haka ba.

Kada a ɗauka ina tuhumar Babamukuru da munafunci. Ba don shi ba da Tambu ta ƙare a gona da goyo tun tana 'yar 15, wannan ko ita ba ta musa ba. Mutum ne da ba ya hutu, ba ya sha, ba ya bin mata, dangi kaf a wuyansa. Abin da ke cinsa tsoro ne. Matsayin da yake kai aro ne daga 'yan mishan, kuma sharaɗin aron shi ne ya zama baƙin da za a nuna a ce ga amfanin tarbiyyarmu: gidansa tsaf, matarsa shiru, 'yarsa ba ta tsayawa da samari a duhu, ƙanensa da takardar aure ta coci. Ba shi da bakin ɗaga murya a gaban waɗanda suka yi shi, saboda haka muryar a kan tebur take sauka. Mulkin mallaka bai ƙirƙiro fifita ɗa namiji a ƙasar Shona ba, ya tarar da abinsa. Abin da ya yi shi ne ya ƙwace ƙasa, ya rage ƙofofin arziki suka koma ɗaya tak, ya miƙa mabuɗin ga namiji ɗaya a dangi. Mai riƙe da mabuɗi ɗaya tilo kuwa, ko waliyyi ne, sai ya zama sarki.

Akwai masu cewa littafin tonon asirin mazan Afirka ne don a burge Turawa, hujjarsu ita ce kamfanin ɗab'in mata na Landan ne ya buga shi. Da alama ba su kai ƙarshensa ba. Tambu ta ci jarrabawar shiga Sacred Heart, makarantar 'yan sista ta 'ya'yan Turawa da ke ɗaukar baƙaƙe 'yan ƙalilan. Baffa ya fara ƙi, yana cewa gara a tara kuɗin don ƙanenta namiji da aka haifa daga baya, sai da Maiguru ta sa baki. Ranar da aka kai ta, sista ta yi musu maraba da fara'a, ta wuce da su ɗakin 'yan Afirka: gado 6 a ɗakin mutum 4. Baffa, zakin gida, ya yi tambaya ɗaya cikin ladabi ya yi shiru. Wasu kuma suna kafa hujja da mahaifiyar Tambu, wadda ta ɗora komai a kan Turanci da ɗabi'un Turawa, su ce ga shi nan, boko ne ya haukata Nyasha. Uwar da aka kai ɗanta mishan aka dawo mata da gawa tana da haƙƙin faɗin haka, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a dubi rayuwarta ita da ba ta san Turanci ba: haihuwa, binne jarirai, noma, miji mai kwasar abin da ta samu, har ta kai ta zauna ta daina wanka da cin abinci. In boko ciwo ne, rashinsa bai zame mata lafiya ba. Abin da ya karya Nyasha shi ne an tura ta ta koyi tambaya, da ta dawo tana yi aka ce ta yi shiru.

Littafin yana da nasa rauni. Tambu babba, mai ba da labarin, takan tsaya ta fassara mana abin da mun riga mun gani da idonmu. Jeremiah kuma an zana shi rago tun daga farko har ƙarshe, babu ko rana ɗaya da aka bar mu muka ga abin da ya karya shi. Ƙarshen ma an yi shi da gaggawa, an ce mana idonta ya buɗe daga baya ba a nuna mana yadda aka yi ba. Sai bayan shekara 18 marubuciyar ta biya wannan bashi da The Book of Not a 2006, sannan This Mournable Body a 2018, wanda ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker a 2020. Ba ta yi wa Tambu sassauci ba. A makarantar sistocin ta fi kowa cin jarrabawa aka ba Baturiya kofin. A wurin aiki ta yi rubutu wani ya sa sunansa. Ƙanwarta Netsai ta rasa ƙafa a yaƙin neman 'yanci. Ƙasa ta samu 'yanci a 1980, amma a littafi na uku mun same ta a Harare ba aiki, ba aure, cike da ɗaci, tana zaluntar waɗanda ba su kai ta ƙarfi ba. Yarinyar da aka horar ta jira yabo daga na sama ta girma ba ta san abin da ita kanta take so ba. Marubuciyar dai ba ta bi hanyar Tambu ba: ranar 31 ga Yuli 2020 aka kama ta a Harare tana riƙe da kwalin neman gyara a mulkin ƙasar, kotu ta same ta da laifi a 2022, babbar kotu ta soke hukuncin a 2023.

Tarihinmu a ƙasar Hausa ba irin nasu ba ne. Ba a ƙwace mana gonaki an ba Turawa 'yan kaka-gida ba, an kuma taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna. Matanmu sun san karatu tun kafin Bature. Nana Asma'u ta rasu a 1864 ta bar 'yan taru suna bin ƙauyuka. Amma boko da ya zo, maza ya fara nema: Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ba a buɗe wa 'yan mata nasu a Kano da Katsina ba sai 1930. Marubutanmu mata sun yi magana a kan abin da ya biyo baya. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, labarin yarinyar da uba ya raba da aji ya ba dattijo. A can mai laifin a bayyane yake, shi ne wanda ya hana. Abin da ban cika gani a adabinmu ba shi ne labarin wanda ya bayar, sannan ya riƙe wuyan wadda ya ba.

Alhali kuwa kusan kowane dangi yana da nasa Babamukuru, mutum ɗaya da ya yi karatu ya samu aiki a birni, kowa na kallon hannunsa. A gidansa akwai 'yar ƙanensa da aka kawo daga ƙauye. Ita ke fara tashi, ta hura wuta, ta share tsakar gida, ta shirya 'ya'yan gida, ta isa makaranta an gama darasin farko. Ba a zaginta, ba a hana ta abinci, kayan sallarta iri ɗaya da na 'yan gida. Ranar cike fom ɗin jami'a shi zai zaɓa mata abin da za ta karanta. Ranar da manemi ya fito shi zai ce wannan ya yi, wancan bai yi ba, ko ma ya ce ya riga ya yi wa abokinsa alkawari. In ta je hutu ta yi wa uwarta ƙorafi, amsar ɗaya ce: “Ki rufa mana asiri, 'yar nan. Ba don Baffa ba da yanzu kina yawon talla.” A ɗaya ɗakin kuma ga matarsa, malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya, katin bankinta na aljihunsa, duk da cewa shari'a ta ce dukiyar mace tata ce.

Mun iya yi wa mai karɓa wa'azi. Tun yana ƙarami yake jin cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma gaskiya ne. Wa'azin mai bayarwa ne ba mu cika yi ba, alhali aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Gori kuwa ba sai an furta shi ba. Duk ranar da yarinya ta haɗiye maganarta don tana tsoron a janye kuɗin makaranta, an yi mata gorin an gama, ko da baffa bai ce uffan ba.

Ba cewa nake yi masu riƙo su janye hannu ba. A halin da ake ciki, su ne makarantar dubban 'yan mata, Allah Ya saka musu. Roƙona gare su ƙarami ne. Alhaji, kafin ka cike mata fom bana, kira ta ka zaunar da ita ka tambaye ta abin da take so ta karanta. In amsarta ta saɓa wa taka, ka faɗa mata ra'ayinka, sannan ka biya kuɗin duk da haka.